Dukan da Ba Ya Shiga Rajista



A babban littafin rajista na kowane asibitin unguwa akwai gurbin zazzaɓin cizon sauro, akwai na gudawa, na tari, na hawan jini, na haɗarin babur. Mace takan zo da ido a kumbure a rubuta mata ciwon ido. Wata ta zo kunnenta yana zubar da jini a rubuta ciwon kunne. Wata kuma ta zo da karyayyen hannu a rubuta faɗuwa, domin abin da ta faɗa ke nan. A ƙarshen wata, idan aka tattara lissafi aka aika wa hukumar lafiya ta gunduma, babu wanda zai ga hannun da ya jawo ciwon. A kan wannan hannu takardar nan take magana: yawan matan da yake taɓawa, lokutan da ya fi sauka, da alamomin da yake bari.

Idan miji ya kashe matarsa gari yakan ɗauka, rediyo ya faɗa, jandarma su zo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu, samarinsu ko wani ɗan gidansu, wato kusan 140 a kowace rana, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan waɗannan gawarwaki. Adadi ne mai tayar da hankali, amma ɗan ƙarami ne idan aka gwada shi da yawan waɗanda aka daka suka tashi, suka wanke fuska, suka ɗora tukunya. Su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba, kuma galibin waɗanda suka mutu sai da suka daɗe a cikin sahunsu.

Saɓani daban, cin zarafi daban

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma ko harshe da haƙori sukan saɓa. Babu gidan da ba a ɗaga murya. A saɓani kowa yana da bakin magana, kuma idan ƙura ta lafa babu wanda ya kwana da fargaba. Inda cin zarafi ya shiga, mutum ɗaya ne yake tsoron ɗaya. Matar da gabanta yake faɗuwa da jin ƙarar babur ɗin mijinta a ƙofar gida, wadda take auna kowace kalma kafin ta furta, wadda yaranta suke shigewa ɗaki da zarar uba ya yi sallama, ta wuce matakin saɓani ko da yau ba a taɓa jikinta ba.

Dokar Burkina Faso mai lamba 061-2015, wadda aka zartar ranar 6 ga Satumba 2015 domin kare mata da 'yan mata, ba ta tsaya kan duka kaɗai ba. Ta ambaci cutar da jiki, da cutar da zuciya ta hanyar zagi, barazana da wulaƙanci, da tilasta kwanciya, da tauye mace ta fuskar tattalin arziki da dukiya, har da cutarwar da ake fakewa da al'ada a yi. Ke nan mijin da ya ƙwace jarin matarsa na tuyar ƙosai, ko ya karɓe kuɗin adashinta ranar kwasa, ko ya hana ta abinci don horo, ya shiga abin da doka ta hana.

Abin da aka ƙirga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken ƙasashe 161 ta fitar da ƙiyasi a shekarar 2021. Ta gano cewa cikin matan da suka taɓa aure ko zama da namiji, masu shekara 15 zuwa 49, kashi 27 cikin ɗari sun taɓa shan duka ko tilasta kwanciya daga abokin zamansu, kuma kashi 13 cikin ɗari abin ya same su cikin watanni 12 da suka gabaci tambayar. A yankin Afirka na hukumar adadin ya kai kashi 33. Abin da ya fi damuna cikin rahoton shi ne na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga aure ko soyayya abin ya riga ya same su kafin su cika 20. Da wuri yake farawa. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a Nijar binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata an aurar da su kafin shekara 18, a Burkina Faso kuwa binciken 2010 ya nuna kimanin rabi.

A nan gida, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INSD, ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali a 2010. Mace ɗaya cikin biyar ta ce an taɓa dukanta tun daga shekara 15. Cikin matan da suka taɓa aure, kusan kashi 12 cikin ɗari suka ce miji ya taɓa dukansu ko ya tilasta musu kwanciya, kuma kimanin kashi 9 suka ce hakan ya faru cikin shekarar da ta gabata. A dubi yadda lambobin nan biyu suke kusa da juna. Ma'anarsu ita ce, cikin mata huɗu da aka taɓa duka, wajen uku ba tsohon labari suke bayarwa ba, suna cikinsa har lokacin da aka tambaye su.

A Najeriya irin wannan bincike na 2018 ya samu kashi 31 cikin ɗari na mata sun sha duka tun daga shekara 15. Cikin matan aure da zawarawa, kashi 36 sun ce miji ya cutar da su ta hanya ɗaya ko fiye: kashi 32 ta zagi, barazana da wulaƙanci, kashi 19 ta duka, kashi 7 ta tilasta kwanciya. Kashi 6 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa ɗaukar ciki an dake su da juna biyu. Mari shi ne ya fi kowane nau'in duka yawa.

Me ya sa lambobinmu suke ƙasa?

Wanda ya karanta alƙaluman da ke sama zai iya cewa to, ai Burkina Faso ta fi duniya sauƙi, tunda 12 bai kai 27 ba. Haka kuma a binciken Najeriya, yankin Arewa maso Yamma, inda Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya suke, shi ne ya fi kowane yanki ƙarancin matan da suka ce an dake su. Na sha jin maza suna kafa hujja da wannan a majalisa. Mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki, kuma idan akwai, abin godiya ne. Sai dai ya kamata a san yadda ake samo lambar kafin a yi tutiya da ita.

Ma'aikaciyar bincike takan shiga gida ta zaɓi mace ɗaya tak, ta nemi wurin da babu mai jin su, sannan ta yi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ya taɓa marin ki, ya taɓa hankaɗe ki, ya taɓa murɗe miki hannu, ya taɓa shaƙe ki? Idan ba a samu keɓewa ba, ƙa'ida ta ce a bar tambayoyin. Yanzu a auna wannan da gidan haya na zango, ɗaki ciki da falo, kishiya tana shara a bakin ƙofa, uwar miji tana kan tabarma a tsakar gida, baƙuwa kuma da takarda da alƙalami tana tambayar sirrin aure. Yarinyar da aka yi wa huɗuba ranar kai ta ɗaki cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, me ake tsammanin za ta ce? Lambar da bincike ya fitar ita ce ta matan da suka yarda suka faɗa, don haka masana suke ɗaukar ta a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai.

Akwai wata tambaya cikin binciken da take haska wannan. Akan tambayi mace ko miji yana da hujjar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba da izini ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. A Burkina Faso a 2010, kashi 44 cikin ɗari na mata sun amince da aƙalla ɗaya daga cikin dalilan nan, maza kuwa kashi 34. A Nijar a 2012 mata kashi 60 ne, maza 27. A Najeriya a 2018 mata 28, maza 21. A duk ƙasashen uku mata sun fi maza yarda da cewa sun cancanci duka. Ba na ganin wannan a matsayin abin zargin mata. Abin da aka shayar da su ne tun suna kan cinyar iyaye. Amma macen da ta ɗauki mari a matsayin gyara ba za ta kai shi asibiti da sunansa ba, ba kuma za ta kai shi gaban hukuma ba.

Yadda abin yake tafiya

Dukan gida yana da tsari, kuma wanda ya san tsarin yana iya hango shi tun daga nesa. Da wuya ya fara da sanda. Yakan fara da tsaro: duba salula, tambayar wa ya kira, hana zuwa suna da biki, ƙorafi kan ƙawaye, sannan kan 'yan uwa, har a wayi gari mace ba ta da wanda take gaya wa damuwarta. Binciken lafiyar iyali a ƙasashe da dama ya nuna cewa gwargwadon yawan irin waɗannan halaye na miji, gwargwadon yawan dukan. Daga nan sai mari na farko, wanda yawanci ban haƙuri yake biyo bayansa, wani lokaci har da turmin atamfa. Gida ya yi sanyi na makonni. Sai hadari ya sake haɗuwa. Abin da muke gani a wurin aiki shi ne tazarar da ke tsakanin duka da duka tana raguwa, nauyinsa yana ƙaruwa, ban haƙurin kuma yana gajarcewa har ya ɓace.

Akwai lokutan da ya fi sauka. Shekarun farko na aure, musamman ga yarinya ƙarama da aka kai gidan da ba ta san kowa ba. Lokacin ciki da jego, sa'ad da jiki ya yi nauyi, aiki ya ragu, kuɗin magani ya ƙaru. Lokacin da ake shirin ƙaro amarya, ko bayan ta tare, idan rabon kwana da na cefane ya karkace. Lokacin da aikin maigida ya tsaya, abin da ba baƙo ba ne ga masu aikin yini a masana'antun Kossodo da mayanka. Rashin kuɗi yana hura wutar, amma ba shi ne ya kunna ta ba, domin ga talakawa da yawa da ba su taɓa ɗaga wa matansu hannu ba, ga kuma masu gidan bene da suke yi. Giya kuwa bincike ya tabbatar da alaƙarta da dukan mata a ko'ina aka duba: matan da mazajensu suke yawan buguwa sun fi sauran shan duka ninki. Mu ƙara da tiramol da sauran ƙwayoyin da samari suke haɗiya don ƙarfin aiki.

Lokaci mafi haɗari shi ne wanda mutane ba su zata ba, wato sa'ad da mace ta furta cewa za ta tafi, ko ta riga ta yi yaji. Mijin da ya saba juya ta yakan ga abin yana kuɓuce masa, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Saboda haka ba ma ba mace shawarar ta yi barazanar tafiya cikin faɗa. Idan ta yanke shawara, ta shirya a natse, ta fita lokacin da ba ya nan, kuma wani amintacce ya san inda ta nufa.

Miji ba shi kaɗai ba ne mai hannu a gida. Akwai uwar miji da ƙannensa, akwai kishiya, akwai facala. Akwai 'yar riƙo da 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, waɗanda dukansu ko sunan duka ba ya samu. Akwai agola. Akwai tsohuwa da ta rikice aka gaji da ita. Maza ma ana cutar da su, da ruwan zafi, da taɓarya, da baki, kuma kunyarsu ta faɗa ta fi ta mata, domin dariya za a yi musu. Ƙofar asibiti a buɗe take gare su. Amma ta fuskar yawa, da munin rauni, da zama cikin tsoro, mata ne suke ɗauke da mafi nauyin kayan.

Yara kuwa ko ba a taɓa su ba, suna gani. Fitsarin kwance bayan an daina, firgita cikin barci, faɗa a makaranta, duk muna ganin su. Binciken ya kuma nuna cewa matan da suka tashi suna ganin uba yana dukan uwa sun fi sauran faɗawa cikin irin wannan aure.

Abin da jiki yake faɗa

Faɗuwa ta gaskiya takan bar rauni a gwiwa, a tafin hannu, a goshi, wuraren da suke fara taɓa ƙasa. Duka yakan bar shi a fuska, wuya, ƙirji, ciki, bayan kunne da cikin cinya, ko a ƙashin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, inda mace ta ɗaga ta kare kanta. Idan aka ga sabon kumburi kusa da tsohon tabo da wani mai warkewa, an san ba rana ɗaya aka yi su ba. Mari da tafin hannu a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Alamarsa zafi, ƙugi, raguwar ji, wani lokaci jini. Kada a ɗiga mai ko ruwan magani a irin wannan kunne, kada ruwa ya shiga, a kawo a duba.

Shaƙe wuya shi ne abin da nake roƙon kowa ya riƙe daga takardar nan. Sau da yawa ba ya barin tabo a waje, sai mace ta ce ai bai dake ni ba, wuyana kawai ya riƙe. Amma daƙiƙoƙi kaɗan na matse jijiyoyin wuya sun isa su ɗauke hankali, kuma kumburin cikin maƙogwaro yana iya tasowa bayan sa'o'i, har kwana ɗaya ko biyu, ya toshe numfashi. Dushewar murya, wahalar haɗiya, jajayen ɗigo a farin ido, jiri, ko sakin fitsari a lokacin da abin ya faru, duk suna bukatar asibiti a ranar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka kusan sau bakwai. Haka ma wanda ya taɓa zare wuƙa, ko ya furta cewa zai kashe ta ko ya kashe kansa. Irin wannan magana ba a ɗaukar ta a matsayin zafin rai.

Ga mai ciki, naushi ko shuri a ciki yana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa jini ya zuba a ciki. Duk mai cikin da aka buga, ko ta ga jini ko ba ta gani ba, ta zo a saurari bugun zuciyar ɗan. Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke kuɗin kula da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati, don haka kada rashin kuɗi ya zaunar da ita. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya nuna cewa kashi 42 cikin ɗari na matan da abokan zamansu suka cutar sun samu rauni a jiki, haɗarin su haifi jariri maras nauyi ya ƙaru da kashi 16, kuma ciwon damuwa ya kusa ninka sau biyu a cikinsu.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda ya fi cika mana layi ba tare da an gane shi ba. Mace ta zo wata bayan wata da ciwon kai, ciwon mara, ciwon ƙirji, rashin barci, faɗuwar gaba. A auna jini babu zazzaɓi, a ba ta magani ta tafi, ta dawo. A gida a ce iska ce ko sammu. Wani lokaci tambaya ɗaya cikin sirri, yaya zaman gida, ita take buɗe abin da gwaji goma bai nuna ba.

Wanda ake fara gaya wa

A binciken Najeriya na 2018, fiye da rabin matan da aka cutar, kashi 55 cikin ɗari, ba su nemi taimako ba kuma ba su gaya wa kowa ba. Kashi 32 ne kawai suka nemi taimako, kuma cikinsu kusan uku cikin huɗu wurin danginsu suka je. Waɗanda suka je wurin 'yan sanda, likita ko lauya 'yan kaɗan ne ƙwarai. Abin da muke gani a Wagadugu bai saɓa da wannan ba. Ma'anarsa, asibiti na farko ga matar da aka daka shi ne ɗakin uwarta, ko na gwaggonta, ko zauren waliyyinta. Abin da aka ce mata a nan shi yake yanke ko za ta sake buɗe baki.

Mun san abin da aka saba cewa: ki yi haƙuri, aure ibada ne, mu ma haka muka zauna. Haƙuri halin kirki ne, kuma gidaje da yawa shi ya riƙe su. Amma haƙuri da talauci, da halin mutum, da zaman kishi, daban yake da mayar da yarinya hannun wanda ya shaƙe ta jiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan matarsa ba. Kakanninmu ma ba su bar mace ba mafita. Sun san yaji, sun san biko, kuma biko na asali zama ne da manya, a ji ta bakin kowa, a kafa wa miji sharaɗi a gaban shaidu. Abin da ya rage mana yau sau da yawa shi ne ɗan aike da goro da kuɗin mota, yarinya ta koma kafin kumburin ya saɓe.

Ga iyaye, liman da sarkin zango, ga abin da muke roƙo. A saurari mace ita kaɗai tukuna, ba a gaban mijin ba. Kada a fara da tambayar me kika yi masa. A tambaye ta ko wannan ne na farko, ko yana ƙaruwa, ko ya taɓa wuyanta, ko akwai makami, ko tana tsoron komawa. A kai ta a duba jikinta kafin a zauna sulhu. Idan za ta koma, a sa ranar da za a je a gan ta, kuma a je.

Zaman birni ya rage wannan kariya. Tun da aka rushe tsohon zango na tsakiyar gari, Zangouettin, daga 2003 saboda aikin ZACA, gidajen da suka yi shekaru suna katanga ɗaya suka warwatsu zuwa bakin gari. Ga kuma 'yan gudun hijira, waɗanda hukuma ta ƙirga fiye da miliyan biyu a faɗin ƙasa a watan Maris na 2023, wasunsu sun biyo hanyar Kaya sun sauka a unguwanninmu, iyali guda a ɗaki guda. Sannan ga amaryar da aka kawo daga Maraɗi, Birnin Ƙonni, Sakkwato ko Kumasi, wadda ba ta jin Mosanci ko Faransanci, kuma gidan ubanta yana bayan iyaka. Ita yaji ma sai da kuɗin mota na kwana guda ko biyu. A irin wannan hali maƙwabciya ita ce dangi. Ƙwanƙwasa ƙofa a nemi aron ashana lokacin da aka ji ihu ya sha tsayar da duka.

Inda za a je

A Kossodo, asibitin CMA na gundumar Nongr-Massom yana karɓar masu rauni dare da rana, kuma yana tura masu tsanani zuwa babban asibitin Yalgado Ouédraogo. Abin da babbar mace ta gaya wa ma'aikacin lafiya amana ne, kuma ita ce mai yanke shawarar kai ƙara ko barinta. Duk da haka muna ba da shawarar a nemi takardar shaidar likita, wadda ake kira sartifika, ko da ba a yi niyyar zuwa kotu yanzu ba. A cikinta ake rubuta ranar, da wurin raunin, da girmansa, da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, kuma alƙali yana duba wannan adadi wajen auna laifin. Kumburi yakan baje cikin mako biyu, takarda kuwa tana nan.

Idan akwai tilasta kwanciya, ko daga wane ne, lokaci yana da muhimmanci. Maganin kariya daga ƙwayar cutar sida yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin sa'o'i 120, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsu.

Lambar 80 00 12 87, wadda ma'aikatar kula da mata ta buɗe a 2021, kyauta ce don kai rahoton cin zarafi. Ta yara ita ce 116. 'Yan sanda 17, jandarma 16, 'yan kwana-kwana masu ɗaukar mai rauni 18. Ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda aka fi sani da aksiyon sosiyal, suna sauraron matsalar iyali, akwai cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Baskuy, kuma Ƙungiyar Mata Masana Shari'a ta Burkina Faso tana ba da shawara kan doka. Wadda ba ta jin Faransanci ta tafi da mace amintacciya ta yi mata tafinta, ba ɗan uwan mijin ba, ba kuma ɗanta ƙarami ba.

Doka tana kare mace a ƙasar da take zaune, ko ba 'yar ƙasar ba ce. A Gana akwai dokar 2007 kan cin zarafi a gida, da sashen 'yan sanda na musamman mai suna DOVVSU. A Najeriya akwai dokar tarayya ta 2015 da ta haramta cin zarafin mutane, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala Muhammad na Kano, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da makamancinsa. A Yamai akwai ƙungiyar SOS FEVVF da ta daɗe tana aiki kan cutarwar cikin gida.

Matar da take jin abin yana ƙaruwa, ta haɗa ɗan ƙulli ta ajiye wurin maƙwabciyar da ta yarda da ita: katin shaidarta, takardun haihuwar yara, katin awo da na rigakafi, sartifikan likita idan akwai, maganin da take sha kullum, da kuɗin motar da zai kai ta gida. Lambobin 'yan uwanta kuma ta rubuta su a takarda ta sa a ciki, domin salula ita ce abin da ake fara ƙwacewa.